Duwatsun da Na Kai Kwatarkwashi

Akwatin nan da kuke zama a kansa kuna cin gyaɗa ƙarƙashin dogonyaro ya girmi iyayen wasunku. Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin makanike ba wani abu ba ne, ka shiga kasuwa ka sayi akwatin roba, ka zuba sifanu, shi ke nan ka zama oga. Sai na tashi na duba kwaɗon akwatin, na koma na zauna, na sake tashi na duba. Kun yi dariya, ban kuwa ji haushi ba, don tun ina koyon aiki a garejin Baba Labbo a Tudun Wadar Gusau ake kirana Isa Sake-Duba. Noti ɗaya sai in ɗaure shi, mota ta tashi ta kai bakin titi, in bi ta da gudu in ce direba ya tsaya in taɓa. Halin nan bai bar ni ba har yau, kuma shi ne ya kusa hana ni wannan akwati.

Aikina na farko a garejin wankin kayan inji ne da kananzir a cikin rabin duro. Ana zare kayan wata tsohuwar motar kaya, roka, a zube mini su, in wanke, in jera a kan buhu daidai yadda aka ciro su. Idan na juya washa ɗaya, Baba Labbo ba ya faɗa, sai ya zo ya tsaya a kaina har inuwarsa ta rufe duron. Ƙaton mutum ne. In ya zauna a benci, bencin sai ya yi ƙara. Yana da liba, doguwar sandar ƙarfen nan ta cire taya, wadda ya ce tun yana yaron mota take hannunsa, gindinta ya yi santsi kamar taɓarya. Ba mai goga mata zarto, ba mai dukan dutse da ita. Na taɓa ganin ya kori wani saurayi daga garejin don ya tone rogo da ita.

Ga al'adarsa idan zai yaye yaro. Yakan ware masa kayan aiki daga nasa, sifanu da sukudireba da filaya da guduma da sauransu, ya zuba a buhu ya rataye a ƙusa a cikin rumfa. Kayan naka ne, amma ba za su fita daga garejin ba sai ka kawo akwatin da za su zauna a ciki. Shi ba ya ba da akwati. Yakan ce ƙarfe kyauta ne, amma gidan ƙarfe mai shi ke ginawa. Idan ka kawo, zai zauna a kai da duk nauyinsa. In bai lotsa ba, sai a zuba kayan, a rufe, ka ɗauka ka ɗora a kai ka hau da shi bayan mota. Dalilinsa kuwa a fili yake. Makaniken hanya akwatinsa ne kujerarsa, shi ne matakinsa in zai leƙa injin babbar mota, kuma idan mota ta mutu a daji ba wanda zai taya shi ɗauka.

Shekarar da aka ware mini buhuna ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Gareji ya yi tsit. Motoci suna jere a tasha babu lodi, mu kuma muna zaune muna kallon ungulu suna shawagi can sama. Ana haka sai wani Alhaji mai motoci daga Tsafe ya zo. Ya sami aikin kwasar ɗan abin da aka samu na auduga daga fuloti, wato kasuwar auduga, na Bilbis da ƙauyukan gefe zuwa gidan gurza a Gusau, yana son makanike ɗaya da zai riƙa bin motocinsa. A wannan shekara ba wani aiki a garin da ya wuce wannan. Baba Labbo ya dube ni, ya dubi Haruna, abokin koyona wanda ya gaji akwatin yayansa tun tuni, ya ce wa Alhajin, "Isa ne babba. In ya kawo akwati kafin a buɗe fuloti, shi zan ba ka. In bai kawo ba, Haruna ya ɗauki buhun ya bi ka."

A buhun nan har da libar. Da idona na ga ya saka ta.

Akwai wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa da na daɗe ina tsayawa a bakinsa. A cikin gilas suka ajiye wani jan akwati na ƙarfe wanda in an ja hannayensa sai ya buɗe hawa-hawa, gefe da gefe, kamar tsuntsu zai tashi. Da la'asar rana takan faɗo a kansa har jan ya haska fuskar mai kallo. Nakan tsaya in jera sifanuna a cikinsa da ido, ƙanana a sama, manya a ƙasa, in ga kaina ina saukowa daga mota a kasuwar Tsafe, mutane suna darewa. Ran nan na yi ƙarfin hali na shiga na tambaya. Abin da mai kantin ya faɗa, ko na sayar da kekena da rigar Sallata ba zan kai rabi ba. Na roƙe shi in taɓa, ya yarda. Na danna murfin da babban yatsa, sai na ji ya ɗan yi ƙasa. Na yi godiya na fito. Duk da haka na daɗe ina ganin akwatin nan yana buɗe fukafukai in na rufe ido.

Na hau keke na tafi Bungudu na gaya wa Inna. Sai ta shiga ɗaki ta juye kayan da ke cikin akwatinta na kwano, wanda aka kawo ta gidan Babanmu da shi, baƙi mai zanen furanni ja da kore. Ta goge shi da gefen zaninta ta ce, "Ɗauka, ɗan nan. Tsummokara ba su ƙi kwando ba."

Da na shigo gareji da shi a bayan keke, Haruna ya rangaɗa guɗa. "Amarya ta iso. Isa, ina turaren?"

Baba Labbo ya zagaya akwatin, ya tattare rigarsa zai zauna, ni kuwa na runtse ido. Ban ji ƙara ba. Da na buɗe sai na gan shi tsaye yana shafa furannin da hannu.

"Wanga na wa ne?"

"Na Inna ne, Baba."

"To mai da mata shi tun bai san ni ba. Ka ce ina gaishe ta."

Na gwada na katako wajen wani kafinta a Sabon Gari, wanda ya haɗa mini da allunan akwatin shayi da araha. Wannan ko gareji ban kai shi ba. Na cika shi da duwatsu a bayan gidanmu na ɗaga, gindin ya zauna a ƙasa, ni na tashi da bango huɗu a hannu. Ku riƙe wannan: katako yana shan baƙin mai har ƙusa ta saki, abin da mai ya rage kuma gara ta ƙarasa.

Wani direba ne ya ce in je wajen Malam Ibro maƙeri a Kwatarkwashi. Ya ce bana ba mai sayen garma ko fartanya, mutumin yana zaune, in na kai ƙarfena zai yi mini da ɗan abin da ya sawwaƙa. A bayan garejinmu akwai gawar wata gingimari da ciyawa ta fito ta cikinta. Na roƙi Baba Labbo ƙofarta ɗaya, ya ce in cire. To amma ta yaya maƙeri zai san girman kayan da bai gani ba, kayan kuwa an hana su fita? Na kwana biyu ina juya abin. Daga baya na samo karan dawa, na sauke buhun a gaban Baba Labbo, na yanka kara daidai tsawon kowane ƙarfe, na auna, na sake aunawa, na ɗaure su dami guda. Karan libar ya fi kowanne tsawo, sai da na zagaya gonaki kafin in samu, don karan bana duk gajeru ne. Saura nauyi. Na rataya buhun kayan a gefe ɗaya na sanda, na rataya wani buhu a ɗaya gefen, na yi ta zuba duwatsu har sandar ta tsaya daidai.

Haka na shiga motar Tsafe da ƙofar gingimari da damin kara da buhun duwatsu. Yaron mota ya ɗaga buhun ya ce, "Mi ke ciki, Malam, zinari?"

"Duwatsu ne."

"Ina za ka da su?"

"Kwatarkwashi."

Ya saki buhun ya dafa mota. Ya juya ya gaya wa direba, direba ya gaya wa na gaba, kafin mu bar tasha duk motar ta san akwai mai kai dutse Kwatarkwashi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, ɗan nan, in ka gama ka kai ruwa gulbi, bana shi ke bukata." Kusa da ni wani dattijo Bafulatani ne zaune a kan ɗaurin fatu, da akuya ɗaya ɗaure a ƙafarsa. Tun da muka shiga idonsa na kan daji. Da ya ji zancen duwatsun sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya rufe baki da rawani, ya yi dariya har ya share ido. Ya ce fatun da yake zaune a kai na shanunsa ne, akuyar nan ce kaɗai ta rage, za shi wajen 'yan uwansa bayan Tsafe. Na yi masa jaje, ya ce in ba shi labarin duwatsun daga farko. Ina ba shi, mota tana tafiya a hankali, gonaki suna wucewa fari fat, har dutsen Kwatarkwashi ya fara tasowa a gabanmu, baƙi, shiru, kamar giwa ta kwanta.

Da zan sauka na jawo damin, sai na ga bakin dogon karan a jiƙe, a tattaune. Akuyar tana kallona tana motsa baki. Dattijon ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi, ta yi maka ɓarna." Ya zaro wuƙa ya yanko mini ƙyallen fata mai faɗi daga cikin nasa, ya ce in shimfiɗa a gindin akwatin kada ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Na ƙi, ya ajiye mini a kan buhun, mota ta tashi.

Maƙerar Malam Ibro rumfa ce a gindin dutsen, inda inuwa ba ta tashi sai rana ta yi tsaka. Siririn tsoho ne mai gajeren gemu. Ya dubi ƙofar, ya ƙwanƙwasa ta da masaba ya saurara, ya ce ƙarfen kirki ne. Ya dubi karan ya gane. Da ya kwance buhun ya ga duwatsu bai yi dariya ba, ya ce, "Nauyin kayan ke nan?" Na ce shi ne. Sai ya naɗa mini gammo, ya ɗora mini buhun a kai, ya riƙa ƙara mini guntayen ƙarfe a sama, ya ce in hau dutsen zuwa wata tsamiya in dawo. Na hau, na dawo, ya ƙara, na sake hawa. Daga wajen tsamiyar ana hango titi kamar zare, da mikiya tana kewaya kan dutsen ba ta ko kaɗa fiffike. A hawan da gwiwata ta fara rawa sai ya ce in sauke. Ya ware guntayen ƙarfen gefe, ya rage kaɗan daga ciki, ya nuna tulin ya ce, "Iyakar nauyin akwatinka ke nan. Ba da kaya kaɗai ake auna akwati ba, har da wuyan mai shi."

Daga nan muka fara samun saɓani, kuma laifin bakina ne. Ya sa kurfi yana yanka, na ce, "Malam, kada murfin ya yi kauri kaɗan? Maigidana ƙato ne." Ya ce zai naɗe bakin murfin ya sa ƙarfe biyu a gicciye ta ciki, ko raƙumi ya zauna. Ya huda zai sa ƙusoshi, na ce a ƙara. Ya sa hannaye, na ce a ƙara musu kauri. Na ce a ƙara hinji, a ƙara ɗamara a gindi, a ƙara wajen kwaɗo na biyu. Da farko yana ba ni amsa, daga baya sai ya koma cewa "to" kawai, yana ci gaba da abin da ya ga dama. Da ya zo auna tsawo ya ɗauki dogon karan, ya ga bakin a tattaune, ya sa wuƙa ya datse shi ya daidaita.

Na ce, "Malam, wanga karan akuya ta ci shi. A ƙara tsawo."

Ya ce, "To."

"Da gaske nake, a ƙara."

"Yaro, tun hantsi kake cewa a ƙara. In na bi ta taka, sai an ɗauko jirgin ƙasa ya ja maka shi. Zuga mini wuta."

Na kama zugazugi. Bayan kwana biyu na dawo na tarar da shi a ƙofar rumfa, baƙi, ba ado, kan kowace ƙusa an daddake shi ya baje kamar kwabo. Ya shimfiɗa fatar da dattijon ya ba ni a ciki, ya naɗe gefenta ya yi aljihuna na ƙananan sifanu. Abin da na biya shi bai kai na katako da na yi asara ba, har sai da na ji kunya na ƙara masa da ƙullin goro. A hanyar dawowa na yi ta auna cikin akwatin da kamu, ina tuna tsawon libar, lissafin yana fita wani lokaci, wani lokaci ba ya fita.

Ranar gwaji da safe motar Alhajin tana tsaye a bakin gareji, don washegari za a buɗe fuloti. Haruna ya riga ya goge akwatin yayansa ya ajiye inda kowa zai gani. Baba Labbo ya zagaya nawa, ya shura shi da ƙafa, ya tattare riga ya zauna. Shiru. Ya ɗaga ƙafafunsa duka biyu daga ƙasa, ya girgiza jiki. Akwatin ko tari bai yi ba. Ya tashi ya ce a sauke buhu.

Na jera kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sami wurinsa. Na bar libar ƙarshe. Na sa gindinta a kusurwa, na kwantar da ita, sai bakinta ya hau kan gefen akwatin ya zauna. Faɗin yatsa biyu ya rage. Na juya ta, na gicciya ta daga kusurwa zuwa kusurwa, na fitar da guduma na sake gwadawa. Murfi ya ƙi rufuwa. Na ji Haruna ya ja numfashi a bayana, direban Alhaji kuma ya dubi rana.

Baba Labbo ya ce, "Wa ya auna?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da kanka, Sake-Duba?"

"Na auna, na sake. Akuya ce ta ci ma'aunin a mota."

"Akuya."

"Ta wani dattijo ce. Ita kaɗai ta rage mai, Baba, yunwa take ji."

Ba wanda ya yi dariya, don shi bai yi ba. Ya karɓi libar daga hannuna, ya daɗe yana murza gindinta mai santsi da tafinsa. Ya dubi akwatin, ya duƙa ya shafa kan ƙusoshin, ya ɗaga fatar ya shinshina. Sannan ya ce, "Haruna, miƙo mini zarto."

Ya ɗora libar a kan bencinsa, ya taka ta da ƙafa, ya fara yanka daga gindi. Ƙarfen tsoho ne mai tauri, zarton yana ta kuka, garin ƙarfe yana zuba a kan takalminsa. Duk garejin aka tsaya ana kallo, har mai sayar da ƙosai ta sauke tirenta. Da guntun ya faɗi ƙasa, ya goge bakin da magagari, ya kwantar da libar a ciki, ya rufe murfin da yatsa ɗaya. Ya ce, "Ta daɗe tana yi mini tsawo. Ɗauka mu gani."

Na naɗa gammo, na durƙusa, na ɗora. Nauyin da na hau dutse da shi ne, wuyana ya gane shi. Na taka tayar motar, na kama bodi, na haye. Daga sama na ga Haruna ya tsinci guntun ƙarfen, ya juya shi a hannu, ya jefo mini. Ya ce, "Riƙe, amarya, kada ka ce an rage maka sadaki."

Na bi motocin auduga wannan kaka da shekaru da yawa bayanta. Akwatin ya faɗo daga kan lodi a hanyar Bilbis, ya yi birgima cikin rafi, na yi salla a gefensa, na ci tuwo a kansa, na tsaya a kansa na cire lagireton motocin da ba zan iya tunawa ba. Fatar ta yi baƙi da mai amma ba ta yage ba. Jan akwatin kanti kuwa na taɓa ganin irinsa a hannun wani direba, an ɗaure fukafukansa da robar taya.

Saboda haka in ɗayanku zai sayi akwati, kada ya fara da launi. Ya zauna a kai, ya zuba kayansa, ya ɗauka ya yi tafiya da shi, kuma ya je da ƙarfensa mafi tsawo a hannu, ba da kara ba. Guntun ƙarfen nan da kuke gani a aljihun fata na kusurwa, wanda ɗayanku ya so ya jefar makon jiya wai ba shi da amfani, shi ne gindin libar Baba Labbo. Ku mai da shi inda kuka same shi. In kun rufe ku kira ni, zan zo in duba.